Kafin Ka Shiga Ƙarƙashin Mota

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 

Tun daga shekarar 1991, lokacin da aka yanke Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato aka mai da Birnin Kebbi hedkwatarta, ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta kwararowa, aka yi ta gina gidaje a unguwar Gesse da makamantanta, har mota, wadda a da sai a ƙofar sarki ko ta attajiri ake ganinta, ta shiga gidajen malaman makaranta da akawuna da ƙananan 'yan kasuwa. To, da yake kuɗin gareji da na kayan gyara kullum gaba suke yi, magidanta da yawa sun koyi yi wa motocinsu ƙananan hidimomi da hannunsu ranar Asabar da hantsi: wannan ya juye baƙin mai, wancan ya ɗaure salansar da ta kwance, wani kuma ya leƙa ya ga inda mai ke ɗiga. Wannan abin yabo ne, domin tattali da sanin kayanka ba su taɓa zama aibi ba. Sai dai akasarin waɗannan ayyuka ba su yiwuwa sai an ɗaga mota an shiga ƙarƙashinta, kuma a kan wannan shiga ne za mu yi bayani yau, cikin natsuwa, daki-daki.

Mu fara da nauyin abin da ake ɗagawa. Ƙaramar mota irin Corolla, wadda ta cika titunanmu, nauyinta ya kai kilo 1,200 zuwa 1,300, ita kuwa Hilux tana neman tan 2 ko ba a ɗora mata kome ba. Mutumin Kebbi, wanda ya san shinkafa tun daga fadama har injin casa, ba ya bukatar dogon sharhi a nan: kilo 1,250 buhu 25 ke nan na kilo 50, to, sai ya ƙaddara an jibge su a sama da ƙirjinsa, shi yana kwance rigingine. Numfashin ɗan Adam ba ya yiwuwa sai ƙirji ya buɗe ya rufe, saboda haka idan ƙarfe ya zauna masa a haƙarƙari, ko da bai karya ƙashi ko ɗaya ba, iska ba za ta shiga ba, murya kuma ba za ta fita ba, alhali ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar iska. Wannan shi ne dalilin da ya sa irin wannan musiba takan auku iyali suna cikin gida, tsakaninsu da mai gidan katanga ɗaya, ba wanda ya ji ko tari.

Abin da yawancinmu muke damƙa wa wannan nauyi shi ne jak, kuma jak iri biyu ne a hannun jama'a. Akwai wanda kamfani ke sakowa a bayan mota tare da safaya, mai buɗewa da rufewa idan ana murɗa shi. Wannan an ƙera shi domin aiki ɗaya tak, watau a ɗaga kusurwa ɗaya na ɗan lokaci a canja taya, mutum yana tsugune a gefe, kuma littafin da ke zuwa da mota yakan yi gargaɗi ƙarara cewa kada kowa ya shiga ƙarƙashi alhali shi kaɗai ke riƙe da ita. Gindinsa siriri ne, kansa ɗan ƙarfe ne wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ko uku ba, turi kaɗan daga gefe ya isa ya kwantar da shi.

Na biyu shi ne jak mai aiki da mai, ko dai na tsaye ko mai tayoyi wanda kanikawa ke ja, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane, saboda ƙarfin da suke gani yana da shi. Asalin hikimarsa tana komawa ga wani masani Bafaranshe mai suna Blaise Pascal, wanda ya rayu a ƙarni na 17, ya bayyana cewa ruwa idan an matse shi a cikin rufaffen mazubi, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. Da wannan ƙa'ida ce yaro ɗan shekara goma yake iya ɗaga mota da hannu ɗaya, yana tura mai kaɗan-kaɗan ƙarƙashin sandar da ke hawa. Amma ku tambayi kanku, bayan motar ta hau, me ke riƙe da ita? Man nan ne da aka tura, shi kuma abin da ya hana shi komawa zoben roba ne da ɗan ƙwallon ƙarfe da ke toshe ƙofarsa. Robar nan zafin bazararmu yana busar da ita, ƙurar hunturu tana cinta, ƙwayar rairayi guda idan ta maƙale a bakin ƙwallon ta isa ta bar mai ya zurare. Wani lokaci motar takan sauko a hankali, har mai aiki bai ankara ba sai ya ji ƙarfe ya taɓa shi, wani lokaci kuwa takan sauko baki ɗaya. Saboda haka ƙa'idar farko, wadda duk sauran suke bin bayanta, ita ce aikin jak ɗagawa ne, riƙewa kuwa aikin wani abu ne daban, kuma kada mutum ya sa kansa ko ƙirjinsa ko ƙafarsa ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke ɗauke da ita, ko da na ƙiftawar ido ne.

Tun kafin a taɓa jak ɗin ma, wajibi ne a dubi ƙasar da za a yi aikin a kanta, domin a ƙasarmu nan ne matsala takan faro. Ƙofofin gidaje da lunguna da yawa rairayi ne ko jar ƙasa, kuma da damina samansu yakan bushe ya yi kamar ya ƙanƙare, alhali ƙarƙashi da danshi, da zarar nauyi ya taru a wuri ɗaya sai gefe guda ya lotsa. Kwalta ma, a watannin Maris da Afrilu lokacin da zafi ke haura digiri 40, takan yi laushi har ƙafar ƙarfe ta nutse a cikinta. Akwai kuma wani tarko da ya kamata a ambata da sunansa, shi ne murfin ramin bayan gida da murfin kwata, waɗanda a ido daɓen siminti ne mai kyau, har mutum ya ga ya sami wurin aiki, alhali kuwa ƙarƙashinsu rami ne. Abin da ake so shi ne daɓen kankare mai kauri, shimfiɗaɗɗe, wanda ba gangare gare shi ba. Idan babu, sai a nemi wuri mai tauri, a share rairayin sama, a shimfiɗa katako mai kauri da faɗi ƙarƙashin jak da ƙarƙashin kowane madogari, domin nauyin ya rarrabu. Idan wannan ma bai samu ba, to, aikin nan ba na gida ba ne, a kai motar garejin da ke da rami.

Sai batun hana mota gangarawa, wanda mutane da yawa suke zaton birkin hannu ya ɗauke musu shi. Birkin hannu a yawancin motoci tayoyin baya kaɗai yake kamawa, saboda haka wanda ya ɗaga bayan mota ya raba tayoyin nan da ƙasa, ya raba motar da birkinta. Haka kuma giya, ko harafin P a motar otomatik, tayoyin da injin ke ja kaɗai take riƙewa, na gaba a irin su Corolla, na baya a irin su Hilux da tsohuwar Fijo 504. Wanda ya ɗaga gaban Corolla, giyarsa ba ta riƙe kome. Wanda kuma ya hau da Hilux kan wani abu ya shiga ya kwance furofela, watau sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, yana zare kusar ƙarshe ya tsinke abin da ke tsakanin giya da taya, idan birkin hannu ba shi da ƙarfi sai motar ta taho kansa. Maganin wannan duka tsohon abu ne wanda kowane yaron mota ya sani, watau weji. A ja birkin hannu, a sa giya, a zare makulli a sa a aljihu, sannan a danna weji gaba da bayan tayoyin da za su zauna a ƙasa, kuma wejin ya zama na katako mai ƙwari, domin dutse mai santsi ko ɓallin bulo taya takan ture shi ko ta murƙushe shi.

Idan za a cire taya, a sassauta notocinta tun motar tana ƙasa, domin kokawa da noti bayan an ɗaga ita ke girgiza mota. Sannan a sa kan jak a wurin da kamfani ya tanada, wanda galibi ana ganin alamarsa a gefen mota, bayan tayar gaba da gaban tayar baya, inda aka ninka ƙarfe aka ƙarfafa shi. Kada a sa shi a kwanon baƙin mai, ko tankin fetur, ko salansa, ko falankin ƙasan mota, haka kuma kada a sa shi inda tsatsa ta ci, abin da ya zama ruwan dare a tsofaffin motocin da ake shigowa da su daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara. A ɗaga a hankali, ana yi ana duba gindin jak, idan aka ga ya fara karkata a sauke a gyara, kada a ce bari a ƙarasa.

Yanzu mun zo ga madogari, wanda shi ne ainihin abin da rai zai rataya a kansa. Mafi aminci shi ne madogarin ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, wanda aka ƙera domin wannan aiki, ana sa shi bibbiyu, dama da hagu, tsayinsu ɗaya, ƙarƙashin ƙashin mota ko wurin da aka tanada, sannan a sassauta jak sannu a hankali har nauyin ya zauna a kansu sosai. Akan rubuta nauyin da yake ɗauka a jikinsa, amma a sani, galibi lissafin nan na guda biyu ne a haɗe. Kuma kada sunan ƙasar da aka yi shi ya hana a duba shi, domin a shekarar 2020 wani babban kamfanin sayar da kayan aiki a Amurka ya janye madogarai fiye da miliyan ɗaya daga hannun jama'a, bayan an gano haƙorin da ke riƙe sandarsu yana iya zamewa. Idan kuwa a wurin masu walda na gida aka ƙera shi, a tabbata gindinsa yana da faɗi, ƙarfen mai kauri ne, waldar ta kama ko'ina, kuma abin da ake sokawa a riƙe tsayinsa ƙarfe ne mai tauri, kada a musanya shi da ƙusa ko guntun rodi.

Na san abin da mai sauraro zai ce: ai ga bulo nan jibge a ƙofar gida, saura daga gini. Jama'a, ina roƙonku da girman Allah ku bar bulo ya yi aikin da aka buga shi dominsa. Bulo rairayi ne da siminti, cikinsa kuma rami, an yi shi ne ya ɗauki nauyin da ya shimfiɗu a kansa ko'ina daidai a cikin katanga, balle kuma kowa ya san yadda wasu masu bugawa ke tsawaita buhun siminti ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa. Idan bakin ƙarfe ya taru a wuri guda a kansa, ba ya lanƙwasa, ba ya ƙara, ba ya ba da wata alama, wargajewa kawai yake yi. Tubali da duwatsun da aka ɗora kan juna su ma hukuncinsu ɗaya. Wanda bai da halin madogarin ƙarfe, to, ya nemi katako mai kauri, busasshe, wanda gara ba ta ci ba kuma bai tsage ba, ya jera shi a kwance, biyu a miƙe biyu a gicciye, hawa-hawa, faɗin ginin ya fi tsayinsa, domin katako ko zai gaza yakan yi ƙara tukuna.

Bayan mota ta zauna bisa madogaranta, saura gwaji. A tsaya a gefe, ƙafafu nesa da ƙarƙashinta, a kama ta a girgiza da ƙarfi, gaba da baya, dama da hagu. Idan za ta faɗi, gara ta faɗi a lokacin nan. Sannan a mai da jak ya taɓa ta kaɗan ba tare da ya ɗauke nauyin ba, tayar da aka cire kuma a tura ta a kwance ƙarƙashin gefen motar, tare da wilinta, domin ko an sami akasi a sami tazarar da mutum zai yi numfashi.

Domin a fahimci amfanin wannan gwaji, ku dubi abin da ke faruwa a ƙarƙashin mota lokacin aiki. Ga mutum kwance a kan tabarma ko kwali, ya sa sifana a notin da ya shekara biyar ba a taɓa shi ba, ruwan damina da laka sun haɗe shi da kusarsa. Ya ja, noti ya ƙi. Sai ya zura bututun ƙarfe a hannun sifanar domin ya ƙara mata tsawo, ya tokare ƙafarsa a jikin motar, ya tattara ƙarfinsa duka ya fizga. Ƙarfin nan da ya fizga da shi gefe yake tura motar, kuma a daidai lokacin da notin ya saki, sai duk jikinta ya yi girgiza ɗaya. Madogari mai faɗin gindi a kan katako zai shanye wannan girgiza, amma siririn kan jak da ke tsaye bisa rairayi, wanda tun ɗazu ya ɗan karkata ba a lura ba, a nan yake zamewa. Haka nan idan aka sauke abu mai nauyi, kamar giya ko inji, ma'aunin motar yakan sauya, gefen da aka rage wa nauyi ya ɗaga, shi ya sa irin wannan babban aiki ya fi dacewa da gareji.

Akwai wasu ladubba na aikin waɗanda faɗarsu ba wuya. Kada mutum ya yi shi shi kaɗai, ya kasance da wani babba a kusa wanda ya san yadda ake sarrafa jak. A kori yara daga wurin, domin yaro yakan shige mota ya yi tsalle ko ya saki birki, ko ya murɗa abin sauke jak don ya ga yadda yake aiki, kuma kada a bar kowa zaune a ciki. A bari inji da salansa su huce. Kada a tayar da inji a rufaffen wuri, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar launi marar wari. Kada a kusanto da taba ko fitilar wuta inda fetur yake. Idan aka kira salla aka tafi masallaci aka dawo, a sake duba weji da madogarai kafin a koma ciki, domin ba a san wanda ya taɓa su ba. Da an gama, a kwashe kayan aiki, a leƙa a tabbata ba yaro ba dabba, a ɗaga da jak kaɗan, a janye madogarai daga gefe, a sauke a hankali, sannan a ƙara ɗaure notocin taya, weji shi ne na ƙarshen cirewa.

Direbobinmu na hanyar Argungu da Jega da Kamba, waɗanda faci ke kamawa a daji, su tuna cewa gefen titi ƙasa ce mai laushi da gangare, kuma iskar babbar mota idan ta wuce tana girgiza motar da ke kan jak. A sauke fasinja duka, a matsa nesa da kwalta gwargwadon hali, a riƙa ajiye guntun katako da weji a mota kullum. Canja taya ba ya bukatar shiga ƙarƙashi, idan kuwa gyaran ya wuce taya, a nemi a ja motar zuwa gari.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, mota ta danne mutum, kada a kama ƙafafunsa a ja, domin ja yana ƙara ɓarna. A yi kururuwa a tara jama'a, a ɗaga motar da jak daga wuri mai ƙarfi, ana ɗagawa ana cusa katako domin kada ta sake dawowa, sannan a zaro shi a miƙe, ana tallafe da kansa da wuyansa. A kira lambar gaggawa 112, ko 122 ta jami'an kiyaye haɗurra idan bisa hanya ne, a garzaya da shi Asibitin Sir Yahaya ko asibitin tarayya a nan Birnin Kebbi, ko babban asibiti mafi kusa. Ko da ya miƙe da ƙafarsa ya ce ba abin da ya same shi, a kai shi, domin jini yakan zuba a ciki ba a gani, kuma naman da ya daɗe a danne yakan saki abin da ke cutar da ƙoda bayan sa'o'i. Maganar mai ɗori, idan ma za ta taso, sai bayan likita ya duba.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma kowa da ajalinsa. Haƙiƙa mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma malamanmu, tun daga na Gwandu har na zaurukanmu na yau, sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma malaman usulu, da suka ƙididdige abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su, watau addini da rai da hankali da nasaba da dukiya, sun gabatar da rai a kan dukiya. Wanda ya jefa ransa cikin hatsari domin ya tsimi kuɗin madogari biyu, ko domin ƙyashin minti goma na jera katako, ya juya wannan tartibi, ya fifita abin da aka jinkirtar a kan abin da aka gabatar. Nauyin kuma ya fi tsanani a kan wanda wani ke ƙarƙashin umurninsa: uban da ya ce wa ɗansa shiga ka riƙe mini nan, da maigidan gareji da ya tura yaron da iyaye suka ba shi amana ƙarƙashin motar da ke kan bulo. Yaro ba shi da bakin musu, saboda haka alhakinsa yana wuyan wanda ya aike shi, kuma abin da ya ga maigidansa yana yi shi zai koya wa nasa yaran nan gaba.

To, jama'a, in kunne ya ji, jiki ya tsira. A zaɓi ƙasa mai tauri, a danna weji, a ɗaga daga wurin da aka tanada, a zaunar da mota bisa madogari, a girgiza ta a gani, sannan a shiga, kuma da wani a kusa. Wanda ya ji wannan bayani ya isar da shi ga maƙwabcinsa da bakanikensa. A nan za mu dakata, sai mako mai zuwa war haka idan Allah ya kai mu. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu. 

(Kiɗan rufe shiri)